Fentin gida a tsakiyar bazara: ado ne ko asarar kuɗi?

Da zarar watan Afrilu ya kama, wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai zai riƙa cin karo da tsani jingine da bango da gwangwanayen fenti jibge a ƙofar gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Damina na tafe, kowa na son ta tarar da gidansa a gyare; ga bukukuwan aure; ga shi kuma a shekarun 2022, 2023 da 2024 ƙaramar salla ta faɗo ne cikin tsananin bazara. Sai dai sau da yawa ɗan kasuwar da ya zuba jikkuna masu yawa, ko ma'aikacin da ya ci bashin albashi don wannan aiki, kafin watan Agusta ya fita sai ya ga bangonsa yana saɓa kamar fatar maciji. Nan take zai ɗora laifin a kan mai fenti. Wani lokaci da gaskiyarsa, amma galibi rana ce ta yi ɓarnar.

A wannan yanki zafin inuwa yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, har ya taɓa 45. Bangon da rana ta daka tun hantsi kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mutum ba ya iya ajiye tafin hannunsa a kai. Alhali kamfanoni da dama sukan rubuta a jikin gwangwani cewa kada a shafa fentinsu in zafi ya wuce digiri 30 ko 35. Wa ke karanta wannan rubutu?

Fentin ruwa yana bukatar ruwan da ke cikinsa ya fita sannu a hankali, domin ƙwayoyinsa su haɗu su zama fata guda mai riƙe bango. A kan bango mai zafi ruwan yakan tsere cikin ƴan mintoci, fentin ya bushe bai kama ba. Daga nesa ya yi kyau, amma in an goga hannu sai gari ya biyo, kuma sawun buroshi ya fito layi-layi. Fentin mai, wanda ake yi wa ƙofofin ƙarfe da tagogi, nasa ciwon daban ne: samansa yakan ƙafe da wuri ya rufe man da ke ƙasa, man ya nemi hanyar fita, sai ƙuraje su taso su fashe. Mai fenti kuma in ya ga gwangwani yana kauri a hannunsa sai ya ƙara ruwa, ya ƙara kuma, har abin ya koma ruwan launi kawai.

Gaggawa ita ce ta biyu wajen ɓarna. Sabon yaɓen siminti yana son kamar mako huɗu kafin a yi masa fenti, kuma a kwanakin farko sai an riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya bushe bai yi ƙarfi ba, ya tsattsage. Wanda ya yi yaɓe ranar Litinin ya yi fenti ranar Juma'a saboda amarya na tarewa, gishirin simintin zai cinye masa fentin daga ciki.

Farar ƙasa, wadda wasu ke rainawa suna cewa ta talaka ce, ita ma ba ta son bango mai ƙuna, domin sai da laima take sandarewa. Amma in an jiƙa bangon tukuna, aka shafa ta tsararo-tsararo sau biyu ko uku, aka sa mata ɗan gishiri ko ƙaro kamar yadda wasu magina ke yi, tana riƙewa. Fari kuma yana mayar da hasken rana, ɗaki ya rage zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai biyan kuɗin lantarkin fanka.

Magabata sun san wannan yanayi fiye da yadda ake zato. Gidajen ƙasa na unguwar Birni da ta Zango a Damagaram, masu zane da zankwaye, ba da fentin kanti suka kai yau ba. Kafin damina akan sabunta musu yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bari ta ruɓa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa shiga bango. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabbobi da ruwan dafara. Waɗannan duk suna barin bango ya yi numfashi. Kuskuren da ya yawaita shi ne lulluɓe bangon ƙasa da siminti sannan a bi da fentin mai. Ruwa yakan samu ƙaramar tsaga ya shige, ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana simintin ya zubo falle guda da fentinsa mai sheƙi.

Ta fannin kuɗi, tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994 magidanta suka koyi neman mai sauƙi, kasuwa kuma ta cika da fenti iri-iri, nagari da na banza. Araha ba ta ado. Haka nan jingar da aka yi a dunƙule, kaya da aiki duka a hannun mai fenti, tana tura shi ya yi sauri ya kuma tsinka fentin. Ya fi kyau mai gida ya sayo kayansa da kansa, ya ajiye su a inuwa, a kuma yi magana tun farko kan shafa nawa za a yi da tazarar da za a bari tsakaninsu.

In aikin ya zama dole a bazara, to a bi inuwa: bangon yamma da sassafe, daga ƙarfe 6 zuwa 10, bangon gabas kuma bayan la'asar, in ya huce. A sa ido ga sama, domin iskar ƙurar da ke gabatar hadarin farko a Mayu da Yuni takan manne wa ɗanyen fenti yashi. A tuna kuma da wanda ke kan tsani. A ranar 3 ga Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da dama sun rasu a wannan zafi. Lebura mai azumi da ke shaƙar warin fentin mai a ɗaki rufaffe da tsakar rana jiri na iya kayar da shi, kuma mai gidan da ya matsa masa lamba yana da nasa alhaki.

Wanda ba ya cikin matsi kuwa, ya jira watan Nuwamba. Lokacin bango ya gama fitar da ruwan damina, zafi ya sauka, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba tukuna, masu fenti kuma ba su da cunkoson aiki.