An Sa Wa Kwamfuta Sabuwar Furosesa, Amma Har Yanzu Tana Jan Ƙafa?

Uwargida, tun daga 2015 da JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, gidaje da yawa suka daure suka sayi kwamfutar tebur, galibi ta hannu, don yara su riƙa gwaji. Idan ta fara nauyi, mai gyara kan ce a sauya furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. Sai ki ciro kuɗin adashi ki biya, a dawo da ita, ki ga ba ta sauya zani ba. Kafin ki ƙara ko sisi, akwai abubuwan da ke da kanki za ki iya dubawa.

Fara da awo

Kamar yadda ba kya ba yaro magani sai kin taɓa jikinsa, haka ba a gyaran kwamfuta da ka. Ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin Task Manager zai buɗe. Ki shiga Performance, ki zaɓi CPU. A sama za ki ga sunan furosesar: ki gwada shi da wanda aka rubuta miki a rasit, don wani lokaci matsalar a nan take. A ƙasa kuma akwai lamba biyu: Base speed, gudun da kamfani ya yanka mata, da Speed, gudun da take yi a yanzu.

Misali, Core i5-3470, wadda ake yawan samu a kwamfutocin hannu, an yanka mata 3.2 GHz, tana kuma iya kaiwa 3.6 idan aiki ya taso. Amma in tana zaune ba aiki, takan sauka zuwa 1.6. Wannan ba ciwo ba ne, tattalin wuta ne. Don haka ki buɗe bidiyo da shafuka da yawa, ki zuba wa lambar ido. In ta haura, lafiyarta ƙalau, nauyin daga wani wuri yake, kamar ƙarancin RAM ko tsohon faifan ajiya. In kuwa ta kafe a ƙasa, sai mu ci gaba.

Saitin wuta

Shi ne mafi sauƙi, kuma ba ya cin kwabo. Ki shiga Control Panel, sannan Power Options. In an bar ta a kan Power saver, ki mayar da ita Balanced. A cikin saitin akwai Maximum processor state, ya kamata ya kasance 100. In wani ya rage shi zuwa 50, an ɗaure mata ƙafa. Ko 99 ma yakan hana ta wancan ƙarin gudun.

Zafi

A ƙasarmu shi ne babban wanda ake zargi. Furosesar Intel in ta doshi digiri 100, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kamar yaron da zazzaɓi ya kwantar. Manhajar Core Temp ko HWMonitor, duk kyauta ne, za su nuna miki zafin. In tana ta shawagi sama da 90 alhali aikin ba wani mai nauyi ba ne, akwai gyara.

Bayan sauya furosesa, abu huɗu ne suka fi jawo haka. Ba a goge tsohon man da ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya an sa sabo ba. Ko ƙarfen bai zauna daidai ba, ƙafa ɗaya ta ɗage. Ko an manta ba a jona wayar fanka ba. Ko kuma sabuwar ta fi tsohuwar cin wuta amma aka bar ƙaramar fanka: i3-3220 wat 55 ce, ita kuwa i5-3470 wat 77. Ki haɗa da ƙurar hunturu da ta toshe ramuka, da zafin Afrilu da kan wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Kada a lulluɓe ta da mayafi tana aiki, kada a manna ta da bango.

Babban allo

Duk kayan ciki a kan allon da ake kira madabod suke zaune, shi kuma yana da ƙaramar manhaja mai suna BIOS. In ta tsufa, tana iya kasa gane sabuwar furosesa. Mai gyara zai iya mayar da saitinta na asali ko ya sabunta ta, amma ki gargaɗe shi: kada a yi sabuntawar da wutar NEPA kaɗai, don in aka ɗauke ana tsakiyar aiki, allon na iya mutuwa. A yi da inbata ko UPS. In agogon kwamfutar na rikicewa duk sanda aka kashe, ɗan batirin allon ne, CR2032, mai kama da kwabo, ya ƙare, kuma saiti kan goge tare da shi.

Akwai wata alama daban. In gudun ya kafe a 0.79 GHz alhali ba zafi, sau da yawa allon ne ke aika saƙon haɗari na ƙarya, ko akwatin da ke ba ta wuta ya gaza. Wannan aikin gwani ne, kada yara su taɓa, musamman akwatin wutar, wanda kan riƙe caji ko an zare waya.

In za ki koma wurin mai gyara

Ki ɗauki hoton shafin Task Manager da na zafin a wayarki. Ki tambaye shi: Malam, ka sa sabon mai? Fankar nan ta ishe ta? Ka duba jerin furosesocin da kamfanin ya ce allon na ɗauka? Ki ce ya gwada ta a gabanki tana aiki, ki ga lambar ta kai abin da aka yanka. Ki kuma karɓi tsohuwar furosesarki, don in sabuwar ba ta dace ba, ita za a mayar, yara su ci gaba da gwaji kafin ranar jarabawa.