Sukari a Jinin Mai Ƙaramin Ciki

A ƙasarmu mace ba ta saurin faɗin ciki. In na fari ne, kunya takan hana ta. In ba na fari ba, sai ta ce bari ya yi ƙwari tukuna. Sau da yawa sai ya kai wata 5 ko 6 kafin a gan ta wurin awo. Kunya ado ce, ba mu kushe ta ba. Amma akwai cutar da takan yi ɓarna tun cikin makonnin nan da ake shiru, watau yawan sukari a jini.

Tuwo da shinkafa da kunun da muke sha, duk sukan zama sukari su shiga jini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, ana kiransa insulin, shi ne mai kai sukarin nan cikin tsoka. In ya kasa, sai sukari ya taru. Ga mai ciki kuwa, sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa wurin ɗa, amma insulin nata ba ya ratsawa.

To, ku lura da lissafin kwanaki. Wajen kwana 22 da shigar ciki zuciyar ɗa ta fara bugawa. Wajen kwana 28 hanyar laka da ƙwaƙwalwa ta rufe. Kafin mako 8 ya cika, an kafa dukan manyan gaɓoɓinsa. A lokacin nan uwa ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu ke nan, watakila ko uwar miji ba ta sani ba. Idan sukari ya yi yawa ƙwarai a kwanakin nan, cikin yana iya zubewa, ko a haifi yaron da hudar zuciya, ko da buɗaɗɗen gadon baya. Maganin da aka soma a wata na 6 ba zai gyara abin da ya lalace a wata na 2 ba.

Wannan hatsari ya fi kan macen da take da ciwon sukari tun kafin ciki, ko ta sani ko ba ta sani ba. Yaya za ta sani kuwa? Gajiya da ƙishirwa da yawan fitsari, ai kowa zai ce laulayi ne. Gwajin jini kaɗai ke raba gardama. Bisa ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, in aka auna mai ciki da safe kafin ta karya kumallo, aka sami 126 ko fiye, ciwon sukari ne sosai. Daga 92 zuwa 125 kuwa, shi ake kira sukarin ciki.

Wannan na biyu, an saba nemansa tsakanin mako 24 da 28. Likitoci sun daɗe suna gardama ko akwai amfanin taɓa shi kafin nan. A 2023 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Ostireliya da Ostiriya da Suwidin da Indiya, kan mata 802 da aka samu da sukari kafin mako 20. Rabinsu aka soma musu kulawa nan da nan, rabi aka jira. Cikin jariran kashin farko, wajen 25 cikin 100 suka sami matsala. Cikin na biyu, wajen 30. Ratar ba babba ba ce, gaskiya, amma yawancinta a wahalar numfashi take, kuma wanda ya taɓa ganin jariri yana neman numfashi ba zai raina ta ba.

Idan aka bar sukari har ciki ya tsufa, yaron yakan yi ta yin nasa insulin, ya yi ƙiba ya wuce kilo 4. Mukan yi murna da ƙaton jariri, amma kafaɗarsa tana iya maƙalewa, naƙuda ta yi tsawo, har a kai ga aiki. Uwar kuma hawan jini da jijjiga sun fi kusa da ita. Da an yanke cibi sukarin yaron yana iya faɗuwa, saboda haka a ba shi nono tun sa'ar farko.

Wadda ta yi ƙiba, ko akwai ciwon sukari a danginsu, ko ta taɓa haifar ƙaton yaro ko ba rai, ta nemi gwaji da zarar wata ya ɓace mata. Wadda ta san tana da ciwon, ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, ya daidaita mata magani, ya ba ta ƙwayar folik asid. Maigida, kuɗin mota da na gwaji a wuyanka suke.

Yawancin mata abinci da tafiya sukan ishe su: a rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale da kifi, a bar lemon kwalba da shayi mai zaƙi, a ɗan taka bayan cin abinci. Kada a ƙi ci gaba ɗaya, gama yunwa ma tana cutar da ɗa. In likita ya ce sai allurar insulin, a karɓa, ba ta taɓa yaron. Bayan haihuwa da mako 6 zuwa 12 a koma a sāke gwaji, domin sukarin ciki yakan tafi, amma ga mata da yawa yakan komo bayan shekaru.