Salwa a Bayan Ɗaki, Alayyahu a Buhu

Da yawanmu a cikin gari muke zaune, wasu ma a gidan haya, inda tsakar gida da ƙyar take isar shanya balle a yi maganar gona. Shi ya sa idan Malam yana darasin aikin gona sai mu ga kamar da mutanen karkara yake. To akwai tsuntsuwar da ba ta neman fili, ita ce salwa.

Salwar da ake kiwo ba ta daji ba ce. Asalinta daga Japan take, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato ce ta shigo da ita Najeriya a 1992. Ba ta kai tantabara girma ba. Kejin da bai wuce teburin aji ba zai ɗauki guda goma.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurinta. Kaza sai ta yi wata biyar kafin ta fara ƙwai, amma salwa tana da sati shida zuwa bakwai take farawa. Wato idan ka sayi 'yan tsaki a farkon zango, kafin jarrabawa ka ci wainar ƙwansu. Mace ɗaya mai samun kulawa tana iya yin ƙwai 250 ko fiye a shekara. Gaskiya ƙwan ƙarami ne, sai an fasa kamar biyar kafin su kai na kaza ɗaya. Yawanci da yamma take saka shi, daidai lokacin da muka koma gida.

Gane mace da namiji ba wuya: ƙirjin namiji ja-ja ne, na mace kuwa da ɗigo-ɗigon baƙi. Idan ƙwan ci kawai kake so, ba ka buƙatar namiji ko ɗaya, kuma ka huta da kukansa da zai dami maƙwabta. Mai son ƙyanƙyasa shi ne zai haɗa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. Sai dai salwar gida ba ta cika kwanciya a kan ƙwanta ba. Dole a kai wa masu injin ƙyanƙyasa, kwana 17 zuwa 18 ya fashe.

Akwai abubuwan da ke kashe su waɗanda mutum ba zai yi zato ba. 'Yan tsakin ƙanana ne ƙwarai, suna iya nutsewa a cikin ruwan shansu, don haka ake zuba tsakuwa a mazubin. Manyan kuma idan suka firgita sama suke zabura, su bugi rufi da ka. Maganinsa a yi keji gajere, ko a shimfiɗa buhu daga cikin rufin. Sannan ga ɓera da kyanwa, ga zafin watan Afrilu. A ajiye su a inuwa, kada ruwa ya yanke.

Wajen abinci ne kuɗi ke tafiya. Dusa kaɗai ba ta sa su ƙwai, sai an ba su abincin kaji na kamfani. Kowace tana cin kamar giram 25 a rana. Na yi lissafi: guda goma za su cinye kwatan kilo kullum, ke nan buhu mai kilo 25 zai kai su kwana ɗari.

Yanzu ina alayyahun ya shigo? Ta kashin salwar. Idan aka bar shi a keji wari yake yi, har ya haɗa ka faɗa da mai gidan haya. Idan kuwa aka kwashe kullum, taki ne mai ƙarfi. Amma kada a zuba shi ɗanye a gindin shuka, ƙona ta zai yi. A tara shi da busasshen ganye a gefe, ana yayyafa ruwa, sai ya ruɓe ya daina wari. Daga nan a gauraya da ƙasa, a cika tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita. Alayyahu yana isa tsinka cikin wata guda. Tumatir da attaruhu ma suna yi, amma sun fi son rana da haƙuri. Ganyen da ya tsufa kuma a wanke a miƙa wa salwar, tana ci.

Wasu masu talla suna cewa ƙwan salwa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da asma. Ni dai a ganina kada wannan ya sa kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Ƙwai ne mai gina jiki kamar na kaza, kuma a dafa shi sosai kafin a ci.

Wanda yake son gwadawa ya fara neman izinin iyayensa, sannan ya sayi mata biyar 'yan sati huɗu, don sun wuce lokacin da sanyi ke kashe su.