Fasali a Kan Azumin Mutanen Tunis da Umarnin Mai Mulki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai mai neman sani, ƙasar Tunis ƙasar Malikiyya ce. A cikinta Ƙairawan take, garin Ibnu Abi Zaidin mai Risala, wadda muke karantawa a zaurukanmu. Ta fita daga hannun Faransa a shekara ta 1956, Habibu Burgiba ya riƙi mulkinta. Ya rufe kotunan shari'a, ya rushe waƙafi, yana cewa ƙasa ba ta cim ma zamani sai da haka.

A shekara ta 1960, da Ramadan ya gabato, ya kirayi ma'aikata su sha azumi. Hujjarsa ita ce: talauci abokin gaba ne, yaƙarsa jihadi ne, Annabi kuwa ya umarci sahabbai su sha a tafiyar buɗe Makka domin su sami ƙarfi. Muftin ƙasar, Shaihu Muhammadul Azizu Ju'aiɗ, ya ƙi. Ya yi fatawa cewa azumi farilla ne, ba a shansa sai da uzurin da shari'a ta ambata. Aka tuɓe shi. Jama'a kuwa, mafi yawansu suka riƙe azuminsu.

In ka ce, ina ɓacin wannan ƙiyasi? Sai in ce maka: sahabbai matafiya ne, suna fuskantar mayaƙa, kwanaki ƙididdigaggu, kuma da ramuwa a kansu. Talauci kuwa ba shi da ranar ƙarewa. In an sha dominsa, yaushe za a rama? Wannan ba rangwame ba ne, kayar da rukuni ne.

Kada ka zaci fiƙihu ya jahilci wahalar aiki. Malamanmu sun ce mai girbi ya kwana da niyya, ya wayi gari da azumi. In wahala ta tsananta gare shi ya sha, sa'an nan ya rama. To, rangwame na mai uzuri ne shi kaɗai, gwargwadon uzurinsa. Sarki ba ya raba shi ga jama'a kamar hatsi.

Fa'ida: gina makaranta da asibiti da koyon sana'a farilla ce ta kifaya, mai mulki ya tsaya a kanta, malami ya taimake shi. Amma in ya miƙa hannu ga rukuni, wajibin malami ya faɗi gaskiya, ko da rawaninsa zai tafi.

Allah ne Mafi sani. Tammat bi hamdillahi.