Wasan Kwamfuta Da Zuciyar 'Ya'yanmu

A shekara ta 1974 waɗansu mutum biyu a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Da takarda da ƙwayar lido ake yinsa. Kowane ɗan wasa yakan ɗauki matsayin wani jarumi, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Daga baya irin wasan nan ya shiga kwamfuta, yau kuwa har cikin wayar hannu akwai shi. Ya kamata mu iyaye mu san abin da masu yinsa suke gardama a kai, gama gardamar ta shafi tarbiyya.

Gardama ta fari a kan yadda ake wasan ne. Waɗansu sun ce daɗinsa shi ne mutum ya nutse cikin labarin, ya yi zaɓi bisa ga abin da jaruminsa ya sani kaɗai, ko da zai yi hasara. Waɗansu kuwa sukan leƙa intanet tukuna, su ga amsar da za ta kawo riba, sa'an nan su danna. Masu nutsewa suna ganin wannan kamar satar amsa ce a jarrabawa.

Ta biyu a kan soyayya ce. A wasanni da yawa jarumi yana iya neman ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa. A 2007 hukumar Singafo ta hana sayar da Mass Effect saboda wani wuri da ya nuna soyayya tsakanin mace da wata halitta mai kamannin mace. Bayan 'yan kwanaki aka janye hanin, aka ce sai mai shekara 18. A 2011 kamfanin BioWare na Kanada ya fitar da Dragon Age II, inda abokan tafiya huɗu suke karɓar soyayyar jarumi, namiji ne ko mace. Waɗansu suka ce wannan ya ɓata labarin, domin kowane mutum yana da halinsa, ba ya juyawa don son wani. Waɗansu suka ce duk wanda ya biya kuɗi ya cancanci ya sami irin tasa soyayyar. Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023, ya bi wannan hanya.

A kan aure, koyarwar ekklesiyarmu a fili take tun daga Farawa sura 2: namiji da tamace. Muna koya wa 'ya'yanmu haka, ba tare da zagi ko reni ga kowa ba. Amma akwai wani darasi da ke shiga a ɓoye, wanda iyaye ba su cika lura da shi ba. A Dragon Age: Origins na 2009 akwai ma'auni mai nuna yawan yardar da aboki yake yi maka. Ka ba shi kyautar da yake so, ka faɗi maganar da yake son ji, ma'aunin ya hau. Saurayin da ya yi wata da watanni yana haka zai iya zaton zuciyar 'yar mutane ma haka take. Ƙaunar da Bulus ya kwatanta wa Korintiyawa ba a samunta da dabara, da haƙuri ake riƙonta.

To, me za mu yi? Da fari, mu duba alamar shekaru. A tsarin Amurka harafin M yana nufin shekara 17 zuwa sama. A tsarin Turai lamba ce: 3, 7, 12, 16 ko 18. Baldur's Gate 3 yana ɗauke da M da 18, ba na yara ba ne. Na biyu, kada na'urar wasa ta kwana a ɗakin yaro. Na uku, wanda ya fi duka, mu zauna kusa da shi wata rana, mu tambaye shi a hankali, "Ɗana, don me ka zaɓi wannan? Da mutum ne na gaske, za ka faɗa masa haka?"

Hani kaɗai yakan kai yaro gidan abokinsa ya yi a ɓoye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba mu hikimar yin haka cikin ƙauna.