Bututun Gas a Ƙarƙashin Manyan Wayoyin Lantarki

Bututun ƙarfe da aka binne kusa da manyan wayoyin lantarki, irin masu kilobolt 330 da 132 na Najeriya, yana iya ɗaukar wuta ko da babu abin da ya haɗa su. Wutar da ke gudana a wayoyin tana haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya tayar da wuta a jikin ƙarfen da ke kwance a gefe, kamar yadda ke faruwa a cikin taransifoma. Gwargwadon nisan da suka yi a jere, gwargwadon wutar da za ta taru, kuma ta fi tsanani a inda hanyarsu ta haɗu ko ta rabu.

Abin mamaki, rufin da ake yi wa bututun zamani don hana tsatsa shi ke ƙara tsananta lamarin, domin ya toshe wa wutar hanyar zubewa ƙasa. Sai ta matsu ta bi ta ɗan tabon da dutse ya karce, wanda bai wuce faɗin farce ba, tana cin ƙarfen a nan har ya huje.

Injiniyoyi kan fara da ƙasar wurin. Sukan kafa sanduna huɗu a jere, su tura wuta ta biyun gefe, su auna ta biyun tsakiya; ƙasar fadama mai laima da gishiri ta fi ba wuta hanya, saboda haka ta fi cin ƙarfe. Daga nan su auna wutar jikin bututun na tsawon awa 24 ko fiye, tunda nauyin da layi ke ɗauka da hantsi daban yake da na almuru. Ƙa'idar ƙungiyar NACE ta Amurka ta ƙayyade bolt 15 ga duk inda hannun ma'aikaci zai taɓa, kamar bawul.

Ana kuma yin la'akari da ranar da tsawa za ta faɗa wa turken wayoyin: wutar takan bi ƙasa ta ƙone rufin bututun. Ko kafin a binne shi ma, bututun da aka jera kan katako yana tara wutar da za ta ja mai walda, shi ya sa ake haɗa kowane tsagi da ƙasa.

Inda awon ya wuce iyaka, akan binne igiyar tutiya a gefen bututun ta janye wutar, a shimfiɗa ragar ƙarfe ƙarƙashin tsakuwa a inda ma'aikata ke tsayawa.