Bayani Kan Ƙididdigar Ma'aikata Ta Ƙasa Da Abin Da Ta Nuna Tsakanin Ma'aikaci Da Ubangidansa

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, takan tura jami'anta gida-gida a jihohi 36 da Abuja domin gano yadda 'yan Nijeriya suke neman abinci. Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu bayanin sakamakon wannan bincike, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi.

Hukumar ta bayyana cewa a ƙarshen shekarar 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 kuwa adadin ya koma kashi 4.1. Dalilin wannan babban bambanci shi ne sauya hanyar lissafi. A da, sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a ce yana da aiki. A sabon tsari, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako domin lada ko riba ya shiga sahun masu aiki. Don haka kada a ɗauka cewa wahalar neman aiki ta kau.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, a 2023 fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna sana'o'in da ba su cikin tsarin hukuma. Mafi yawansu masu aikin kansu ne, masu karɓar albashi kuwa tsiraru ne. Ɗan ƙodago a gona, da lebura a wurin gini, da yaron shago, galibi yarjejeniyarsu ta fatar baki ce. Ranar da saɓani ya taso kan lada, ko rauni ya samu mutum a bakin aiki, babu takardar da zai nuna.

Alhali kuwa doka ta yi tanadi. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Dokar biyan diyya ta 2010 ta tanadi kula da wanda ya ji rauni a wurin aiki. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, sai dai bai shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Saboda haka muna kira ga masu gonaki da shaguna da ƙananan masana'antu da su riƙa rubuta lada, da lokacin aiki, da ranar biya, a gaban shaidu biyu. Haka nan muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su wayar da kan jama'a su karɓi jami'an ƙididdiga su faɗa masu gaskiya. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana bayyana sirrin wanda ya ba da amsa, kuma da waɗannan alƙaluma ne gwamnati take tsara ayyukan da za su iso ƙauyukanmu.